Ciwon Daji da Shanyewar Ɓarin Jiki: Lokacin da Ƙwaƙwalwa Ta Kasa Tsare Rabonta na Jini

Kwana huɗu ke nan da dawo da ita gida bayan an yi mata zagaye na uku na allurar kashe ƙwayoyin ciwon daji. Tun da ta dawo ba abin da ke zama a cikinta, koko ma in ta kurɓa sai ya dawo. Ga zafin bazara, ga jinin da ke zuba kaɗan-kaɗan tun kafin a gano cewa dajin bakin mahaifa ne. Da asuba ta yunƙura za ta yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunta na dama. 'Yarta ta taso da gudu: "Inna, lafiya? Inna, yi min magana mana!" Baki ya karkace, magana tana fitowa a dagule.

Kafin hantsi gida ya cika. Wata maƙwabciya ta ce shafar aljanu ce, a nemo mai ruƙiyya. Babban ɗa ya ɗauko mai kemis na bakin layi, ya ɗaura na'urar awon jini, ya ga lamba ta haura 190, ya ce a sa mata ƙwaya a ƙarƙashin harshe jinin ya sauka yanzu-yanzu. Wani dattijo a zaure kuwa cewa ya yi a yi haƙuri, ciwon ne ya kai ga kai, a ƙyale baiwar Allah ta huta da wahalar asibiti.

Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon daji a ƙasar nan ya san irin wannan safiya, ko ya ji labarinta a bakin masu jinya. Mutanen nan uku kowa alheri yake nufi. Sai dai kowace shawara a cikin ukun tana iya jawo asarar wani yanki na ƙwaƙwalwa da za a iya ceto shi. Dalilin yana cikin wani aiki da jijiyoyin kai ke yi dare da rana ba tare da mun sani ba, aikin da shanyewar ɓarin jiki ke rushewa, wanda kuma ciwon daji da magungunansa ke raunanawa tun kafin shanyewar ta zo.

Ƙwaƙwalwa ba ta da ajiyar gobe

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kai kilo ɗaya da rabi ba, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Amma ita kaɗai ke karɓar kimanin kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke harbawa, tana kuma cinye kusan ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Hanta tana da sukarin da ta ajiye, tsoka ma haka. Ƙwaƙwalwa kuwa hannu baka hannu ƙwarya take rayuwa. Idan jini ya yanke mata gaba ɗaya, cikin daƙiƙa goma mutum ya suma, cikin mintuna kaɗan ƙwayoyinta su fara mutuwa.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai mata jini. Biyu suna gaban wuya, su ne ake jin bugunsu idan an ɗora yatsa, biyu kuma suna bi ta cikin ƙasusuwan ƙeya. A gindin ƙwaƙwalwa suke haɗuwa su yi zobe, wanda likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana a 1664. Daga zoben ne rassa ke bazuwa, suna ƙara sirancewa har su koma ƙasa da silin gashi.

A waɗannan ƙananan rassa hikimar take. Ƙarfin jinin mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana hawa in ya fusata ko ya ɗauki kaya, yana sauka in ya yi barci ko ya miƙe tsaye da sauri. Da a ce kowane hawa da sauka yana isa ƙwaƙwalwa kai tsaye, da ba mai iya tashi daga sujada bai faɗi ba. Abin da ke faruwa shi ne, bangon ƙananan jijiyoyin yana da tsoka. In ƙarfin jini ya hau sai su tsuke, in ya sauka sai su buɗe, adadin da ke shiga ya tsaya kusan daidai. Kamar manomin rani ne a Kadawa da ke tsaye a bakin magudana da fartanya, in ruwa ya yi yawa ya rage ƙofa kada shuka ta nutse, in ya ja baya ya faɗaɗa ta kada fage ya bushe.

Masanin Ingila William Bayliss ne ya nuna a 1902 cewa jijiyar jini tana tsukewa da kanta idan aka matsa mata daga ciki. A 1959 likitan Denmak Niels Lassen ya tattara awon da aka yi wa mutane, ya zana abin da ɗaliban likitanci ke karantawa har yau: muddin matsakaicin ƙarfin jini yana tsakanin kimanin 60 da 150, rabon ƙwaƙwalwa ba ya canzawa sosai. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tazarar ta fi haka ƙunci a wurin mutane da yawa, kuma kowa da tasa. Wanda ya shekara goma da hawan jini, jijiyoyinsa sun yi kauri sun saba da lamba mai girma. Lambar da ta dace da matashi mai lafiya tana iya zama yunwa ga ƙwaƙwalwar wannan dattijo.

Idan jijiya ta toshe

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko jijiya ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Daga waje alamunsu kusan ɗaya ne, kuma babu likitan da zai iya rantsuwa a kan wacce ce sai an ɗauki hoton kai.

A irin ta toshewa, wurin da jijiyar ke shayarwa ba ya mutuwa lokaci ɗaya. Tsakiya ce ke fara tafiya. Kewaye da ita akwai wani yanki da ya daina aiki amma bai mutu ba, yana samun ɗan jini ta ƙananan hanyoyin da ke zagayowa daga jijiyoyin maƙwabta. Masu bincike uku, Astrup da Siesjö da Symon, sun bayyana wannan yanki a 1981, kuma tun daga nan duk gaggawar da ake yi a jinyar shanyewar jiki dominsa ake yi. Wani lissafi da likitan Amurka Jeffrey Saver ya fitar a 2006 ya nuna cewa a babbar toshewa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan biyu ke mutuwa a kowane minti da ba a buɗe jijiyar ba.

A cikin wannan yanki jijiyoyi sun riga sun buɗe iyakar buɗewarsu, ba su da sauran abin yi. Jinin da zai shiga ya dogara kacokan a kan ƙarfin da zuciya ke turo shi da shi. Shi ya sa ake ganin jinin yawancin masu shanyewar jiki ya hau a sa'o'in farko, har da waɗanda ba su taɓa yin hawan jini ba. Sau da yawa jiki ne ke ƙoƙarin tura jini ta ɓarauniyar hanya zuwa inda ake buƙatarsa.

A nan ƙwayar ƙarƙashin harshe ke yin ɓarna. Tun a shekarun 1990 likitoci suka yi gargaɗi a kan wannan ɗabi'a ta fasa ƙwayar nifedifin a baki don a sauke jini nan take, domin ba mai iya sarrafa inda zai tsaya. A ƙa'idar da ake bi a manyan asibitoci, idan hoto ya tabbatar toshewa ce kuma ba za a yi allurar narkar da gudan jini ba, akan bar lambar sama ta kai har 220 a ranar farko ba a taɓa ta ba, sai in akwai wani dalili kamar matsalar zuciya. In kuwa za a yi allurar, sai an sauke ta a hankali ƙasa da 185.

Wani babban gwaji da aka yi a ƙasar Sin, aka wallafa a 2024, ya fito da abin a fili. An riƙa sauke jinin majinyata tun a cikin motar asibiti kafin a san irin shanyewar da ta same su. Da aka duba sakamako, waɗanda jijiyarsu ta fashe sun amfana, waɗanda tasu ta toshe kuwa sun fi shan wahala. Magani ɗaya, lamba ɗaya, amma ya ceci wani ya cutar da wani. Idan haka ta faru a hannun ma'aikatan da aka horar, ina ga wanda ke tsaye a tsakar gida da na'urar awo kawai?

Likitan da ya ga cutar a hannunsa

Dangantakar ciwon daji da daskarewar jini tsohuwar magana ce. A 1865 wani fitaccen likita a birnin Faris na Faransa, Armand Trousseau, ya koya wa ɗalibansa cewa idan suka ga jini yana daskarewa a jijiyoyin mutum nan da can ba dalili, su nemi ciwon daji a cikinsa. Ba a yi shekara biyu ba ya ga irin wannan kumburin jijiya a hannunsa na hagu, ya gane abin da ke jiransa. Ya rasu a 1867 da ciwon daji na ciki. Har yau da sunansa ake kiran wannan larura.

A 1985 likitocin cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke Niyok suka wallafa binciken gawarwakin dubban masu ciwon daji. Kusan kashi 15 cikin 100 an same su da alamar toshewa ko fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabinsu ba wanda ya lura da abin lokacin da suke raye. Daga baya Babak Navi da abokan aikinsa, su ma a Niyok, suka bi bayanan tsofaffin Amurkawa masu yawan gaske. A rahotonsu na 2017, cikin wata shida na farko bayan gano ciwon daji, haɗarin toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ya kusa ninka na wanda ba shi da ciwon. Dajin huhu, da na ciki, da na babban hanji, da na fankiriyas, gaɓar nan da ke samar da insulin, su ne kan gaba. A ƙasashen da ake ajiye irin wannan lissafi, kusan ɗaya cikin goma na masu kwanciya asibiti da toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa yana da ciwon daji, sabo ko tsoho.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne rahoton da suka fitar a 2019. Haɗarin yana fara hawa tun kusan wata biyar kafin a gano ciwon, ya kai ƙololuwa a watan ƙarshe. Wato ga wasu mutane, shanyewar jiki ce sallamar farko da ciwon daji ke yi.

Ta yaya ƙari a huhu ko a hanji zai toshe jijiya a kai? Ƙwayoyin daji suna zubar da ƙananan ɓurɓushi cikin jini masu ɗauke da sinadarin da ke kunna daskarewa. Wasu nau'o'in suna fitar da wani abu mai yauƙi da ke sa ƙwayoyin tsayar da jini su manne wa juna. Fararen ƙwayoyin jini ma, idan ciwon ya harzuƙa su, suna sakin wasu zarurruka da ke kama duk abin da ya zo wucewa. A wasu majinyata ƙananan gudaje suna taruwa a kan murafan zuciya ba tare da wata ƙwayar cuta ba, suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, jini ya kwashe su zuwa sama.

Saboda haka hoton ƙwaƙwalwar irin wannan majinyaci yakan bambanta da na mai hawan jini. Maimakon tabo ɗaya a wuri ɗaya, sai a ga ɗigo-ɗigo a dama da hagu da baya, a yankunan da jijiyoyi daban-daban ke shayarwa. Gwajin jini da ake kira di-daima, mai nuna yawan daskarewa da narkewa da ke gudana a jiki, yakan yi sama ƙwarai. Likitan da ya ga waɗannan biyun tare, bai kuma sami wani dalili a zuciya ko a jijiyoyin wuya ba, ya kamata ya tambayi ramar da mutum ya yi a 'yan watannin nan, da tari, da canjin bayan gida, ya duba nono da ciki da kyau.

Akwai kuma ɓangaren fashewa. Dajin da ya yi ƙaura zuwa ƙwaƙwalwa yana gina wa kansa jijiyoyi marasa ƙwari, waɗanda ba su da tsokar tsukewa da buɗewa. Na ƙoda, da wani baƙin dajin fata, da dajin mabiyiya da ke biyo bayan ciki ko ɓari, sun yi suna wajen zubar da jini a kai. Dajin jini kuwa yana iya rage ƙwayoyin tsayar da jini har jijiya ta tsiyaya da kanta, ko ya cika jini da fararen ƙwayoyi har ya yi kaurin da ba zai ratsa ƙananan rassa ba.

Magani ma yana da nasa rabon

Wannan wuri yana buƙatar a yi magana da hankali, domin mutanenmu da yawa dama suna gudun allurar daji, suna cewa ita ke ƙarasa mutum. Magungunan nan suna ceton rai, kuma mafi yawan masu karɓarsu ba sa samun shanyewar jiki. Amma ɓoye wa majinyaci abin da zai kula da shi ba taimako ba ne.

Sisfilatin, wanda ake yawan haɗawa da gashin ƙari da na'ura a dajin bakin mahaifa da na kai da wuya, yana iya ƙuje shimfiɗar cikin jijiyoyi, ita ce kuwa ke ba tsokar umarnin buɗewa. Tamoksifen da mata masu dajin nono ke sha shekara da shekaru yana ɗan ƙara haɗarin daskarewa. Asfarajines da ake ba yara masu dajin jini yana iya toshe manyan hanyoyin da jini ke fita daga kai. Magungunan da ke hana ƙari gina sababbin jijiyoyi, irin su bebasizumab, suna hawar da jini, wani lokaci cikin kwanaki.

Idan jini ya hau da sauri a kan jijiyoyin da magani ya riga ya raunana, sukan kasa tsukewa, ruwa ya tsattsafo cikin ƙwaƙwalwa, musamman ta ƙeya inda gani yake. Majinyaci sai ya kama ciwon kai mai tsanani, ido ya dushe, ya rikice, ya yi jijjiga. An bayyana wannan larura a 1996, kuma 'yar'uwar jijjigar masu ciki ce da matanmu suka sani. Mai ganinta zai ɗauka shanyewar jiki ce, ko ya ce dajin ya hau kai. Alhali in aka gane ta da wuri, aka sauke jini, aka dakatar da maganin da ya jawo ta, yawanci takan warke sarai. A nan sauke jini shi ne ceto, akasin abin da ake yi a toshewa.

Gashin wuya da na'ura kuma nasa ya fi jinkiri. Bayan shekaru, jijiyoyin gaban wuya na iya ƙuncewa. A kan waɗannan jijiyoyi ne kuma ake da wasu ƙananan ma'aunai da ke sanar da ƙwaƙwalwa ƙarfin jini a kowane bugu. Idan gashi ya lalata su, jinin mutum sai ya riƙa tsalle, yanzu sama yanzu ƙasa, ya miƙe tsaye jiri ya kwashe shi. Wanda aka yi wa gashi a wuya, ko da ya warke daga dajin, yana buƙatar a riƙa duba jijiyoyin wuyansa lokaci-lokaci.

Amma a ganina abin da ya fi shafar majinyatanmu ya fi waɗannan duka sauƙin gani: ƙarancin jini da ƙarancin ruwa. Mace mai dajin bakin mahaifa takan yi watanni tana zubar jini kafin ta isa asibiti. Idan jini ya yi ƙaranci, kowane ɗigo yana ɗauke da oksijin kaɗan, sai jijiyoyin ƙwaƙwalwa su buɗe don su cike giɓin. Suna nan a buɗe kullum, ba su da sauran faɗin da za su ƙara ranar da aka shiga matsi. Sai amai da gudawa na bayan allura su zo, ga zafin Afrilu, ga ƙwayar hawan jini da ake ci gaba da sha kamar kullum alhali mutum bai ci bai sha ba. Ƙaramin gudan jinin da mai lafiya zai iya tsallakewa, a irin wannan jiki sai ya bar babban tabo.

Na'urar da Kano ta riga ta sani

Ana iya sauraron gudun jini a cikin kai ba tare da an tsaga ko'ina ba. A 1982 wani masani ɗan Nowe, Rune Aaslid, ya fito da na'urar da ke aika sauti ta wurin da ƙashin kai ya fi siranta, tsakanin ido da kunne. Ana shafa ɗan man shafawa, a ɗora kan na'urar mai kama da guntun alƙalami, sai a ji shuu-shuu na kowane bugu, a ga tudunsa a allo. A 1989 ya ƙara da wata dabara: a ɗaure cinyoyin mutum da robar awon jini, a sake ta farat ɗaya, ƙarfin jini ya faɗi na ɗan lokaci. Mai lafiya, cikin daƙiƙu kaɗan gudun jinin kansa ya koma daidai. Wanda tsarinsa ya lalace, gudun sai ya bi ƙarfin jini ƙasa ya daɗe a can.

Na'urar tana jin wucewar ƙananan gudaje ma, da wata 'yar ƙara kamar tsuwwar tsuntsu. Likitocin birnin Seoul na Koriya ta Kudu sun ba da rahoto a 2010 cewa sun ji wannan ƙara a kusan rabin masu ciwon daji da suka sami shanyewar jiki da suka gwada, kuma yawanta yana tafiya da hawan di-daima.

Wannan na'ura ba baƙuwa ba ce a arewa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin birnin, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun shafe shekaru suna auna kan yara masu sikila da ita. Yaron da gudun jininsa ya yi yawa yana bakin shanyewar jiki, sai a ɗora shi a kan haidiroksiyuriya, maganin da asalinsa ma na ciwon daji ne. Abin da ke cutar yaran nan ɗan'uwan abin da ke cutar mai daji ne: jini kaɗan, jijiyoyi a buɗe har ƙarshe. Hannayen da suka ƙware a kan yara suna nan. Bincike a kan yadda ƙwaƙwalwar mai ciwon daji ke daidaita jininta bayan shanyewa bai yi yawa ba ko a ƙasashen da suka ci gaba, kuma ban ga abin da zai hana Kano ta sa hannu a cikinsa ba.

Inda likitoci suka rabu

Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne idan an yi ta cikin awa huɗu da rabi. Ciro gudan da siririyar waya ta cikin jijiya kuwa ana yi cikin awa shida, wasu zaɓaɓɓun majinyata har awa 24. An daɗe ana tsallake masu ciwon daji a duka biyun, don tsoron zubar jini da kuma tunanin cewa kwanansu ya ƙare.

Likitocin ƙwaƙwalwa da yawa yanzu ba su yarda da haka ba. Hujjarsu ita ce ciwon daji ba abu ɗaya ba ne. Matar da aka cire wa ƙarin nono tana iya yin shekara ashirin nan gaba, kuma ko da hannu da baki za ta yi su ko a kwance, a wannan awa huɗun ake yanke shi. Ƙa'idar Amurka ta 2019 ta yarda a yi allurar ga mai ciwon daji da ake sa ran zai wuce wata shida, in babu wani abin da ya hana. Abubuwan da ke hanawa sanannu ne: ƙwayoyin tsayar da jini ƙasa da dubu 100, daji a ciki ko hanji mai iya zubar da jini, ƙari a cikin naman ƙwaƙwalwa, ko tiyata ta kwanan nan.

Likitocin daji kuwa nasu tsoron daban ne. Shanyewar jiki takan tsayar da allura da gashi makonni, dajin kuma ba ya jira. Su ne ke ganin majinyacin da aka ba maganin tsinka jini ya dawo yana aman jini.

Takaddamar ta fi zafi a kan abin da za a ba mutum don kada abin ya maimaita, domin yana maimaituwa. A wani bincike na Niyok a 2014, kusan ɗaya cikin uku na irin waɗannan majinyata sun sake samun toshewar jijiya a wani wuri a jiki. Wasu likitoci suna ba da asfirin, wasu allurar hefarin ta fatar ciki, wasu sababbin ƙwayoyin tsinka jini. Wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2018 ya so ya kwatanta asfirin da allurar, sai da yawa cikin waɗanda aka ba allura suka gaji da huda kansu kullum suka koma ƙwaya. Har yanzu kowane majinyaci ana auna nasa ne daban.

A gida Nijeriya

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa sama da mutum dubu 120 ke kamuwa da ciwon daji a Nijeriya kowace shekara, kusan dubu 80 kuma ke rasuwa, dajin nono da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa na kan gaba. A ɓangaren shanyewar jiki, binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Nijeriya da Gana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya ke ciki, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne babban tushen cutar a nan, kuma kusan ɗaya cikin uku na shanyewar ta fashewar jijiya ce, fiye da yadda ake gani a Turai.

Ma'anar wannan ita ce mai ciwon dajinmu yakan shigo da jijiyoyin da hawan jini ya riga ya taurara, sau da yawa bai ma sani ba. Kuma yawan fashewar ya sa zato ya fi haɗari a nan. Ba da asfirin a gida ga wanda jijiyarsa ta fashe ƙari ne a kan ɓarna, kamar yadda sauke jinin wanda tasa ta toshe yake. Ɗura masa ruwan rubutu ko kunu alhali maƙogwaro ya shanye kuwa huhu yake tafiya. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Abin da za a yi a gida kaɗan ne: a duba agogo a riƙe lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe, a kwantar da shi a gefensa, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton kai, ko da an wuce wasu ƙanana a hanya.

Wahalar da ta rage ta asibitocin ce. Mai ciwon daji yakan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Zariya ko Sakkwato ko Abuja don gashi, fayil ɗinsa yana can. Ranar da ya faɗi, asibitin garinsu za a kai shi, wurin likitan da bai san wane magani aka ba shi ba. Dangi kuma sau da yawa suna ɓoye sunan ciwon, wani lokaci har ga majinyacin kansa, sai a ce wa likita "yana dai fama da ciwon ciki". Likitan gaggawa da ba a gaya wa gaskiya ba zai yanke hukunci a kan rabin labari, a cikin awannin da ba sa dawowa.

Wannan giɓin ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. Kowane sashen ciwon daji zai iya ba majinyaci kati guda da zai riƙa yawo da shi a aljihu ko a jakar hannu, a rubuta irin dajin da inda ya kai, sunayen magunguna da ranar allura ta ƙarshe, ko an yi gashi a kai ko wuya, adadin jini da na ƙwayoyin tsayar da jini a gwajin ƙarshe, lambar da jininsa ya saba tsayawa, ko yana shan maganin tsinka jini, da lambar wayar sashen. Ma'aikaciyar jinya da ke cire ƙarin ruwa bayan allura za ta iya ƙara minti biyu ta gaya wa mai jinya alamu uku, karkacewar baki da mutuwar hannu da dagulewar magana, ta kuma gaya masa cewa in amai ya wuce yini guda ba a iya shan ruwa, a kira sashen kafin a ba da ƙwayar hawan jini ta gobe.